Ta yaya ake gane karen gadin da ya cancanci a ɗauki irinsa?

Baban Ummi ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar karnukan gadi, musamman masu horar da su da likitocin dabbobi. Ni nake kula da wani sito na hatsi a gefen kasuwar Dawanau, kuma muna da kare namiji irin Jaman Shefad wanda ya haura shekara biyu da 'yan watanni. Da rana yana ɗaure da sarƙa a bakin ƙofa, da dare kuma maigadi yakan sake shi a cikin haraba. Karen ya yi suna a layinmu saboda zafinsa, domin babu wanda zai gifta ta gabansa bai zabura yana haushi har sarƙa ta shaƙe shi ba, kuma wannan sunan ne ya sa mutane suka fara zuwa suna roƙon a ba su shi ya yi wa karyarsu barbara. Wani ma mai karya irin Bowabul, wato wani iri na manyan karnukan gadi, ya ce mu haɗa su, mu raba 'ya'yan.

Abin da ya sa na dakata shi ne wasu abubuwa biyu da maigadi ya shaida mini. Duk lokacin da tayar babbar mota ta fashe a titi, ko aka yi tsawa da damina, karen yakan shige bayan buhuna ya lafe, kuma yakan daɗe bai fito ba. Sannan ya taɓa cizon wani ɗan dako a agara bayan mutumin ya juya zai tafi, alhali lokacin da suke fuskantar juna ja da baya yake yi yana haushi.

Tambayata ita ce, shin wannan zafin shi ne ake kira halin gadi, kuma ana gadonsa? Idan ba shi ba ne, wace hanya ake bi a gwada kare a tabbatar cewa zai iya kare gida da mutanensa kafin a ɗauki irinsa, kuma a wane shekaru ake yin gwajin? Ina kuma son sanin ko za a iya gane mai ƙarfin hali tun yana kwikwiyo, domin mai karyar ya ce shi zai zaɓar mini wanda ya fi faɗa a cikin 'ya'yan. Allah ya saka da alheri.

Mai Horo, Sabon Gari, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Baban Ummi, ka yi dabara da ka tambaya kafin ka ba da shi, domin bisa bayanin da ka yi, abin da ake yabo a jikin karen nan tsoro ne, ba jarumta ba. Kare mai tsoro idan aka ɗaure shi an toshe masa hanyar gudu, saboda haka abin da ya rage masa shi ne ya kori abin da yake tsoro kafin ya iso gare shi, kuma duk wanda ya bi ta ƙofar sitonku ya wuce, karen yana ɗauka haushinsa ne ya kore shi, sai gobe ya ƙara ƙaimi. Cizo ta baya da ja da baya a gaban mutum alamu ne da muka sani sarai. Ka ƙara lura da jikinsa lokacin da yake haushi. Idan gashin bayansa ya tashi tun daga wuya har gindin wutsiya, kunnuwa suka kwanta, nauyin jikinsa ya koma kan ƙafafun baya, muryar kuma siririya ce mai sauri, to kare ne da yake neman a rabu da shi. Wanda ya yarda da kansa yakan ɗora nauyinsa a kan ƙafafun gaba, ya kafa wa mutum ido, haushinsa mai kauri kuma a tsare, sau da yawa ma ba ya ɓata muryarsa a kan ɗan garuwa ko almajirin da ya zo wucewa.

Mutanen da suka samar da irin karenka sun daɗe da fuskantar wannan tambaya. Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwon Jaman Shefad a Jamus a 1899, kuma tun 1901 aka fara jarraba karnukan a kan bin sawu da biyayya da kare ubangijinsu, ba don gasa ba a farko, sai don a tace waɗanda za a bari su haihu. Har yau a tsarin wannan ƙungiya, kafin a ba kare shaidar cancantar barbara ana duba hoton ƙashin ƙugunsa da na gwiwar ƙafafun gaba, ana sa shi ya bi keke tsawon kilomita 20, ana harba ƙaramar bindiga daga nisan taku 15 a ga ko zai razana, sannan wani da ya sa rigar kariya ya kawo wa mai shi hari. Abin da alƙali yake nema a wannan mataki na ƙarshe shi ne kare ya tunkari mutumin kai tsaye, ya kama da cikakken baki, ya jure barazana, kuma ya saki da zarar an ce ya saki. A gasarsu, karen da aka ba umarni sau uku bai saki ba fitar da shi ake yi, komai ƙarfin cizonsa. Ina jan hankali a kan wannan domin a nan Kano mun fi burgewa da cizon, alhali sakin ne yake nuna cewa hankalin karen yana jikinsa.

Ba sai ka je Jamus ba kafin ka gwada naka. Sharaɗi na farko shi ne a fitar da shi daga harabarsa, domin kowane kare jarumi ne a ƙofar gidansu. A kai shi wani fili da bai sani ba, da doguwar igiya mai ƙarfi da takunkumi a baki, da sassafe ko bayan la'asar, tunda a watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, kuma karen da yake haki ba zai nuna maka halinsa ba. Ka fara da abu mai sauƙi, wato mutane su riƙa wucewa suna harkarsu, wani ya zo ya gaisa da kai hannu da hannu. Karen da ya dace zai lura da baƙon, ya shinshina, ya ƙyale shi. Wanda ya kai wa mai gaisuwa hari ya faɗi tun a nan, haka ma wanda ya ɓoye a bayan ƙafarka.

Daga nan sai a gwada shi da ƙara da kuma abin ba-zata. A saki kwanon rufi ko tukunyar ƙarfe a ƙasa daga ɗan nesa, a buɗe lema farat ɗaya a gabansa, a sa shi ya taka leda ko langa-langa. Kada ka damu idan ya zabura, domin lafiyayyen kare ma yana zabura. Abin dubawa shi ne tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya dawo hayyacinsa, da kuma ko zai je da kansa ya bincika abin da ya firgita shi. Wanda ya koma ya shinshina kwanon cikin 'yan daƙiƙu yana da abin da ake nema, wanda kuwa ya ƙare ranar yana waiwaye da wutsiya a matse ba ya da shi.

Gwajin barazana shi ne na ƙarshe, kuma ina roƙonka kada ka sa maigadi ko wani yaro ya yi shi. Ana bukatar wanda ya iya, mai rigar kariya, wanda zai fito daga nesa yana sanɗa, ya matso yana ɗaga sanda da murya, sannan ya ja da baya a daidai lokacin da ya kamata don kada a karya zuciyar karen. Ana so a ga karen ya shiga tsakaninka da mutumin, ya tsaya, bai nemi hanyar gudu ba. Bayan an gama, mutumin nan zai tuɓe rigar ya dawo ya zauna kuna hira, kuma karen da ya cancanci a ɗauki irinsa zai huce ya kwanta. Idan bayan minti goma yana nan yana kumfar baki yana neman kowa, to ba shi da birki, kuma ba a yaɗa irin wannan a unguwar da yara suke wasa a waje.

Manomin Gezawa ya amsa:

Malam Mai Horo, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja a kan wani ɓangare na bayaninka. Jarrabawar Turawan nan an tsara ta ne don karen da zai yi aiki tare da mai shi, kamar na 'yan sanda, alhali yawancinmu abin da muke nema shi ne kare da zai kwana shi kaɗai a gona ko a sito, ya ji motsi ya tashi mutane. Ɓarawon kaji ko na injin ban ruwa ba jarumtar kare yake aunawa ba, hayaniya yake gudu, domin ya san haushi zai fito da maigadi da maƙwabta. A wannan aiki, karen da yake da ɗan tsoro yakan fi saurin farkawa a kan wanda ya cika natsuwa, kuma na ga manyan karnuka masu tsada da suke kallon baƙo ya tsallako katanga ba su ko ɗaga kai ba.

Sannan kada mu raina karnukanmu na gida. Mafarautan ƙauyukanmu ba su da takardar shaida, amma ba su ɗaukar ɗan karyar da ta taɓa gudu ta bar 'yan uwanta a daji, kuma sukan san uwar kare da kakarsa kafin su karɓe shi. Wannan ma ai tace iri ne. Karen gida yana jure zafi da kaska da ƙarancin abinci, abin da irin Kokeshiyan mai gashi kamar bargo, wanda asalinsa na duwatsu masu sanyi ne, ba zai iya ba sai da ɗawainiya mai yawa. A ganina duk wanda zai auna cancantar kare a Kano ya sa juriyar yanayi a cikin ma'auninsa, domin jarumin da yake kwance da zazzaɓin kaska rabin shekara ba ya gadin komai.

Abu ɗaya da na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne batun cizon ɗan dako. Malamanmu sun halatta ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, da yawansu kuma suka haɗa da gadin gida bisa ƙiyasi, amma halaccin bai ɗauke wa mai kare alhakin wanda aka ciza ba gaira ba dalili.

Likitar Dabbobi, Hotoro, ta amsa:

Assalamu alaikum. Zan taɓa batun gado, domin shi ne ainihin tambayar. Tsoro yana daga cikin halayen kare da aka fi tabbatar da cewa suna bin jini. A shekarun 1960 wasu masu bincike a jihar Arkansas ta Amurka sun raba wani irin karen farauta gida biyu, suna haɗa masu tsoro da masu tsoro, lafiyayyu da lafiyayyu, kuma cikin 'yan zuriya kaɗan suka samu layin da yake sandarewa idan mutum ya matso, ko da an ba lafiyayyar karya renon 'ya'yan. Hausawa sun riga sun faɗa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Saboda haka, Baban Ummi, firgitar da karenka yake yi da ƙara ita ce ta fi damuna a cikin duk abin da ka lissafa, fiye ma da haushin.

Alhaji Manomi, maganarka a kan karen da yake tashin mutane gaskiya ce, amma saurin jin motsi daban, tsoro daban. A Suwidin an yi nazarin sakamakon gwajin hali na karnuka sama da 15,000 daga iri 164, aka buga a 2002, kuma abin da ya fito shi ne son wasa da son bincike da rashin tsoro da sakin jiki da mutane suna tafiya tare a matsayin ƙarfin hali, ita kuwa tsananin faɗa aba ce da take tsaye ita kaɗai. Ma'ana, kare yana iya zama mafaɗaci ba tare da ƙarfin hali ba, yana kuma iya zama mai ƙarfin hali da lura ba tare da ya zama mafaɗaci ba. Karen da kake nema na gona yana nan a cikin kashi na biyu, ba sai an biya da tsoro ba. Mai tsoro zai tashe ka a kan ɓarawo, zai kuma tashe ka a kan mage da iska, har maigadi ya daina fitowa.

Game da zaɓen kwikwiyo, kada ka dogara da shi. A Suwidin ɗin dai an gwada kwiyakwiyan Jaman Shefad 630 suna da mako takwas, aka sake gwada su bayan sun girma, kuma gwajin yarinta bai nuna waɗanda za su dace da aiki ba. Abin da za ka iya gani a wannan shekaru shi ne wanda tsoronsa ya yi yawa ƙwarai, sai ka guje shi. Wanda ya fi cizon 'yan uwansa kuwa bai nuna maka komai game da gadi ba. Halin tsare gida yana fitowa ne sosai bayan kare ya balaga a hankali, wanda a manyan iri yakan kai shekara ɗaya da rabi zuwa uku, shi ya sa ba a yanke hukunci a kan ɗan wata takwas, kuma ba a yi wa karya barbara a karon farko da ta nemi namiji, sai ta kusa shekara biyu.

Akwai kuma abin da masu neman barbara suke mantawa, wato uwa. Rabin gadon daga gare ta yake, sannan ita ce take tare da 'ya'yan a lokacin da halinsu yake ginuwa. Binciken Scott da Fuller a Amurka, wanda aka buga a 1965, ya nuna cewa tsakanin mako uku zuwa goma sha biyu ne kwikwiyo yake koyon abin da zai saba da shi da abin da zai ji tsoro. Duk gwajin da Malam Mai Horo ya bayyana wajibi ne a yi wa karyar, ba namijin kaɗai ba.

Kafin kowane gwaji kuma, a kai karen asibiti. Ciwo yana sa kare faɗa, musamman ciwon ƙugu da na kunne, kuma lalacewar gaɓar ƙugu cuta ce da Jaman Shefad da Rotwaila da Bowabul suke gadarwa, ba a tabbatar da ita sai da hoton ƙashi. Jaman Shefad kuma yana daga cikin irin da cutar jini ta kaska take yi wa mugun kamu. A duba al'aurar namiji da ta mace saboda wani ƙari mai zubar da jini da yake yaɗuwa ta barbara, wanda muke yawan gani a karnukan da suke yawo, a kuma gwada jini saboda cutar da take sa karya ɓari. Idan likitan da yake kusa da kai ba shi da na'urar hoto, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba shi da nisa. A ƙarshe ina fatan allurar haukan kare ta karenka ba ta wuce lokaci ba, kuma duk wanda aka ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar, a kuma sa ido a kan karen na kwana goma.

Baban Ummi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Dakta, allurarsa tana kan lokaci, kuma an kai ɗan dakon asibiti a ranar. Abin da ya rage mini shi ne wannan: karen yana kan sarƙa tun yana ɗan wata huɗu, kuma bai taɓa fita daga harabar ba. Shin ba zai yiwu sarƙar ce ta mayar da shi haka ba, ba jininsa ba? Idan aka kwance shi aka horar da shi ya gyaru, zan iya ɗaukar irinsa?

Mai Horo, Sabon Gari, ya amsa:

Zai yiwu ƙwarai, Malam, domin ɗauri tun ƙuruciya da rashin fita suna lalata kare mai kyakkyawan asali. Matsalar ita ce daga kallon karen shi kaɗai ba za ka iya raba abin da sarƙa ta yi da abin da ya gada ba. Hanyar da ta fi ita ce ka koma wurin wanda ya sayar muku da shi, ka nemi ganin uwar da uban, ka kuma bi sawun 'yan uwansa da aka haifa tare da shi a gidajen da suka tafi. Idan waɗanda suka tashi a sake cikin mutane ba su damu da tsawa ba, to akwai alamar cewa renon ne. Idan kuwa biyu ko uku daga cikinsu suna shigewa ƙarƙashin mota da an buga ƙofa, magana ta ƙare, ko da naka ya gyaru. Horo yana rufe tsoro, har kare ya yi aikinsa lafiya shekara da shekaru, amma abin da aka koya masa ba ya shiga cikin 'ya'yansa.

Shawarata ita ce a gina masa keji mai faɗi da inuwa a maimakon sarƙa, nesa da inda 'yan dako suke sauke kaya, a riƙa fita da shi da takunkumi, a koya masa zo da zauna da saki, sannan bayan wata shida a yi gwajin da na bayyana sau biyu a wurare daban-daban. Idan ya ci, kuma 'yan uwansa suka ba da shaida mai kyau, a haɗa shi da karya ɗaya tak mai natsuwa wadda ita ma ta ci gwajin, a rubuta gidan da kowane ɗa ya tafi, kada a sake ba da shi sai an ga yadda waɗannan suka zama a shekara ɗaya da rabi.

Batun Bowabul kuwa ban goyi baya ba. Namijin wannan iri yakan haura kilo 60, kuma idan 'ya'yan suka ɗauko girman uwa da tsoron uba, cizon da ya tsaya a agarar ɗan dako zai iya zama karaya ko abin da ya fi haka a jikin yaro. Ka gaya wa mai karyar ya dakata har a ga sakamakon gwajin, kuma ya kawo tasa ita ma a gwada ta a rana ɗaya.